Maharbin Bakin Tasha

Ga wani maharbi a bakin tasha, takalmi sabo fil, bindiga na sheƙi, sai ƙamshin turare yake. Yana tambayar direba inda sabon shiga zai samu kurciya.

"Yanzu, maigida, bayan an kwashe gonaki?" in ji direban. "Waɗanda suka rage sun yi wayo. Amma gwada can." Ya nuna masa mai sayar da tsuntsaye.

Gogan ya waiga, ya sa aka yanka masa huɗu, har da shafa jini a riga. Da gani akwai wadda ya cika wa baki a gida. Ga shi can yana taƙama, kurciyoyi na reto, ƙafafunsu ɗaure da zaren mai sayarwa.