Takubban Kwandon Shara

Taku goma sha ɗaya ne daga gadon Baba zuwa kicin, bakwai daga kicin zuwa banɗaki. Auta ba ta taɓa niyyar ƙirgawa ba, ƙafarta ce ta haddace. Wata goma sha huɗu ke nan tun da ɓarin jikin mahaifinta na dama ya shanye, duniyarta ta koma ɗaki biyu da falo a hawa na uku. Taga ɗaya tana kallon bangon maƙwabta, ɗayar tana kallon titi, inda motar ma'aikata ke tsayawa ƙarfe bakwai na safe ta kwashi mutane ta tafi.

Ta gama jami'a, ilimin sinadarai ta karanta, takardar shaidarta tana cikin akwati ƙarƙashin zannuwan gado. Mahaifiyarsu ta daɗe da rasuwa. Babban yayanta yana aiki a gari mai nisa, yayarta mace tana fama da 'ya'ya huɗu. Ba wanda ya zaunar da ita ya ce ke za ki zauna. Ranar da aka sallamo Baba daga asibiti kowa ya ɗauki jakarsa, sai aka duba aka ga ita kaɗai ce ba ta da inda za ta.

Shi kuwa Baba shekara talatin da ɗaya ya yi a maɗaba'a yana ɗinkin littattafai. Mutum ne da zai yafe maka ka taka masa ƙafa, amma ba zai yafe maka ka lanƙwashe kusurwar shafi ba. Tun suna yara yake ce musu kowace takarda tana da ɓangaren da take son kwantawa, in ka bi ta nan ta yi maka ladabi, in ka tilasta ta ta wancan ta tsage. Yanzu hannun da ya yi wannan aikin yana kwance kan cinyarsa kamar na aro.

Likitar gashin ƙashi, wadda ke zuwa duk Alhamis, ita ta kawo maganar ninke takarda, abin nan da ake kira origami. Ta ce zai farkar da yatsun. Ta fara nuna masa tsuntsu da fure a waya.

"Fure?" in ji Baba, bakinsa a ɗan karkace. "Da furfurata? Ke 'yar nan, ki ji tsoron Allah."

"To takobi fa, Baba?" in ji likitar. "Ko shi ma na yara ne?"

Ya miƙa hannun hagu a ba shi takarda.

Takubban mataki uku ne. Na farko takarda ɗaya, ninki takwas, tsini da jiki kawai. Na biyu yana da mariƙi, sai an buɗe ninki an danne shi ya baje. Na uku shi ne mai kube: takarda biyu, ninki ashirin da ɗoriya, a ƙarshe a zura tsinin cikin wata 'yar kafa da ba ta kai faɗin farce ba. A bakin ƙofa likitar ta ja Auta gefe.

"Ranar da ya iya mai kuben nan, ya iya saka maɓallin riga, ya iya ɓare magani, ya iya murɗa makulli. Ranar sai ki bar shi daga safe har la'asar, ba abin da zai same shi."

Maganar ta zauna wa Auta a rai. Kullum bayan karin kumallo sai ta yanka takardu, ta jingine waya da kofi, su bi hoton ninki bayan ninki. Na farko ya ci mako uku. Na biyu ya ci wata guda, da gumi, da tsaki, da "cire min wannan abin daga gabana". Amma ya yi shi. Ta ga babban yatsan nan da ake cewa ya mutu yana bin layi a hankali kamar mai tuna hanyar gidansu.

Ana cikin haka wasiƙa ta zo. Wani ɗakin gwajin ruwan sha da ta nemi aiki a cikinsa tun bara ya ɗauke ta, ta je ranar Litinin ta farkon wata, in ba ta je ba a ba na bayanta. Murna ta sa ta yi abin da ba ta saba ba: ta karanta wa Baba da ƙarfi, har sau biyu. Ya ce Allah ya sa alheri, ya juya fuska bango.

Daga ranar hannun ya koma baya.

Takobi mai kube ya ƙi. Baba sai ya kai ninki na goma, yatsun su kama rawa, layi ya kauce, takarda ta cukurkuɗe. Auta ta karɓa ta jefa a kwandon da ke gefen gadonsa, ta miƙo wata. Likita ta zo Alhamis biyu, ta lanƙwasa yatsun, ta ce ita dai ba ta ga abin da ya sauya ba, amma wani lokaci jiki yakan yi haka. A bar shi shi kaɗai? A'a, ba yanzu ba.

Ta kira yayanta. Ya saurara, ana jin ƙarar ofis a bayansa.

"Auta, aiki ai ba ya ƙarewa. Wani zai zo. Ki ƙara haƙuri, kin ji? Ladan nan duk naki ne."

"Yaya, ko mako ɗaya ka zo."

"In na samu hutu. Gaida min shi."

Ta ajiye wayar, ta tsaya a taga har wuyanta ya gaji.

Ranar Asabar, saura kwana biyu, ta sauka kemis sayo maganin hawan jini. Minti ashirin ne, ita ce doguwar tafiyarta a mako. Da ta dawo Baba yana gyangyaɗi, sai ta ɗauki kwandon ta kai kicin za ta juye. Ƙarƙashin ɓawon lemo da auduga ta ga wani abu fari, miƙaƙƙe. Ta zaro. Takobi ne cikin kubensa. Ta ja, ya fito sumul, ta mayar, ya shige. Ta tona, suka cika biyar.

Takardun da ta jefar ne, don ga tabon tsohuwar cukurkuɗa a jikinsu, an goge an lallashe ta. Layukan sun yi kaifi kamar an sa ƙarfen guga. Nan ta gane dalilin da ƙaramin cokali ke ɓata kullum ta tsince shi cikin bargonsa: da bayan cokalin yake goge ninki, yadda yake yi da wani ɗan ƙashi a maɗaba'a. Kuma duk biyar ɗin an juya takardar an bi ɓangaren da take son kwantawa, abin da mai koyar da ninkin a waya bai taɓa faɗa ba.

Ta daɗe a tsugune gaban kwandon. Ita ba mai faɗa ba ce, ko a aji ba ta ɗaga hannu. Ta wanke hannu, ta dafa shayi, ta jera takubban biyar kan faranti kusa da kofin, ta kai masa.

Baba ya kalli farantin, ya kalle ta, ya koma kan farantin.

"Wa ya ce ki yi min bincike a shara?"

"Juyewa na je yi, Baba."

"Hm." Ya taɓa ɗaya da yatsa. "A karkace takardun suke. In na kwanta ina ganinsu a kwandon nan, a karkace. Na yi na yi in ƙyale su, na kasa."

"Tun yaushe ka iya shi?"

"Tun kafin takardarki ta zo da kwana uku. So na yi in ba ki mamaki."

Ta zauna a bakin gadon. 

"Auta," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa, "ranar da abin nan ya same ni kina makaranta. Awa huɗu ina ƙasa ina kallon ƙafar teburin can. Ina jin mutane suna hawa bene suna sauka, bakina ya ƙi kira. Likitarki ta ce yatsu. To yatsu sun tashi. Yatsu ne za su ɗaga ni daga ƙasa?"

Gaskiya ya faɗa. Ita ma gaskiyarta tana cikin akwati. Suka zauna, shayi ya huce.

Lahadi ba su yi maganar ba. Ta matsar da teburin, ta naɗe tabarmar da ke sa santsi, ta ɗaura wa wayarsa igiya yadda zai rataya a wuya, ta roƙi wata maƙwabciya mai ɗinki ta riƙa ƙwanƙwasawa da azahar. Yana kallonta, bai hana ba, bai taya ba.

Litinin da safe ta fito wanka ta tarar ya saka riga da kansa. Maɓallan sun hau daidai, har na wuya.

"Ba ni makullin," ya ce. "Kuma ki gyara mayafin nan, a karkace yake."

Ta fita, ta ja ƙofar, ta tsaya. Ta ji sandarsa, taku, sanda, taku. Makulli ya shiga, ya ƙi, ya sake shiga, ya murɗa. Ta sauka hawa ɗaya ta sake tsayawa, tana sauraron ko zai kai kujera. Ba ta ji faɗuwa ba. Ba ta ji komai ba, shirun ma ya fi tsoratar da ita.

A ƙasa motar ma'aikata ta yi hon. Ta ƙarasa matattakalar da gudu, ta samu wuri kusa da taga. Matar da ke gefenta ta ce ta sa wayar a jaka mana, kar a fizge. Auta ta yi murmushi ta ce to, ta ci gaba da riƙe ta a hannu, fuskar wayar a sama.