Tagar Ikko da Zugun Inna

Har yau in na ga an kafa ƙarfe a bangon da aka shafa wa makuba sai raina ya ɓaci, ko da gidan ba namu ba ne. Jikokina suna cewa tsufa ne ya sa ni faɗa. Ba tsufa ba ne. Tun ina da ƙarfina nake ɗauke da wannan fushin, kuma na san wanda ya ɗora mini shi: yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mahaifinmu malami ne, ya koya mini rubutu kafin ya rasu, don haka gara in rubuta abin yadda ya faru, kada a bar shi a bakin masu gyaran zance.

A wani ƙauye muke tsakanin Maska da Bakori, ƙasar auduga, tun Nasara ba su shigo ƙasarmu ba. Mijina ya rasu, na gama takaba na dawo gida wajen Inna. Lokacin yanar ido ta fara rufe mata gani, ta ajiye mazari don dole. Amma kafin ta ajiye ta riga ta gama aikin da ya fi mata kowane aiki, wato zaren likkafaninta. Daga gayaunarta ta tsinci audugar, tsinkar fari kaɗai, ta gurje, ta shiɓe, ta kaɗa da hannunta shekara da shekaru, kuma ba ta taɓa zama kan wannan kaɗin ba sai da alwala. Masaƙi ya saƙa mata zugu guda, fari tas, aka naɗe shi ya yi faɗin faifai, ta sa a adudu ta rufe. Kowace Juma'a sai ta sa in ɗauko mata, ta shafa shi tana murmushi ta ce, "Lefena na ƙarshe ke nan." Ba ta da saniya, ba ta da murjani. Abin da ta mallaka wanda take so ya bi ta ke nan.

Yayana kuwa bafatake ne. Ya bi ayari ya yi kudu har Ikko, bakin teku, ya dawo da goro da labari, labarin ma ya fi goron yawa. Ba zan ci amanarsa ba, yana son Inna. Da ribar tafiyar ya rushe mata bukka ya gina mata soro. Sai dai a Ikko ya ga wata irin taga a gidajen Nasara, wadda ake turawa sama ta buɗe, a jawo ta ƙasa ta rufe, tana tafiya cikin kwarmin katako. Tun daga ranar da ya gan ta hankalinsa bai dawo jikinsa ba. Ya rantse sai uwarsa ta sami irinta.

Mu a garinmu taga 'yar kafa ce can sama, wadda kyanwa ma sai ta matse take wucewa. In damina ta kawo kai a cusa mata laka, in kaka ta yi a huda. Shi ya ce a fasa masa taga mai kamu biyu, kuma a bangon gabas. Magini, dattijo ne da ya gina rabin garin, ya ajiye tubalin da ke hannunsa ya ce, "Ɗan malam, ba a huda bangon gabas. Daga nan hadari yake tasowa." Yaya ya ce ai daga nan rana ma take fitowa, kuma idon Inna hantsi yake so. Magini ya ce to, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Inna ba ta so. Amma shi ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon idonsa, balle ta ce masa kada ya yi. Sai ta kira ni ta ce, "Faɗa wa wancan 'yar kafar da na saba da ita ta ishe ni." Na je na faɗa masa. Ya yi dariya ya ce, "Ke auta, ba ki san Inna ba ne? Kawaici take yi, kada a ce ta ɗora mini nauyi." Wannan kunyar ɗan fari ita ta cuce mu. Duk abin da ta ƙi, sai ya fassara shi da kawaici.

Masassaƙi ya fafe katakon maɗaci ya yi kwarmi, ya sassaƙa allo ya zura a ciki, da ɗan turke na tokarewa. Da rani abin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Inna takan zauna a hasken da safe ta miƙe ƙafa. Matan unguwa suka yi ta sallama, wai sun zo gaishe ta, alhali tagar suka zo turawa. Yaya yana tsakar gida yana hura hanci kamar shi ya ƙirƙiro rana.

Ruwan fari ya zo da la'asar, daga gabas kamar yadda magini ya faɗa. Ashe zafin bazara ya busar da allon ya tsuke, yatsa yana shiga tsakaninsa da kwarmin. Feshi ya jiƙa tabarmar Inna sharkaf. Na janye adudu zuwa bangon yamma, washegari na kwaɓa laka zan toshe tagar yadda kowa yake yi. Ya same ni da lakar a hannu.

"Me za ki yi?"

"Abin da uwarmu da uwar uwarmu suka yi."

"A Ikko ba a toshe taga da laka."

"To nan Ikko ce, Yaya?"

Ya ce in wanke hannuna, yana da dabara. Ya kwashi tsofaffin garemani ya kai maƙera. Maƙeri ya buge su suka zama falle-falle, sirara kamar ganyen kaba, ya lanƙwasa kowanne ya yi masa baki biyu, aka kafa su da ƙusa cikin kwarmin, hagu da dama da ƙasa, yadda allon zai riƙa tafiya cikin ƙarfe ba inda iska za ta bi. Maƙerin ya ce ƙarfe ba ya shiri da ruwa, Yaya ya ce zai shafa man kaɗe. A makon nan kuma ya sa aka sake shafe bangon gabas da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da muke jiƙawa don bango ya jure ruwa. Ya ce a zuba da kauri, kada a yi rowa.

Aka yi ruwa biyu, ko ɗigo bai shigo ba. Sai ga shi ya shigo ɗakin da kansa, ya ɗauki adudun Inna ya ajiye a gindin tagar, wai don ta riƙa dubawa a haske ba sai an ɗauko mata ba. Ya dube ni ya ce, "Mai laka, zo ki taɓa." Na taɓa ƙasan, a bushe. Na yi shiru. Wannan shirun nawa ne, ba na ɗora wa kowa shi.

Marka ta sauka, yayyafi ba dare ba rana, ga Inna ta kwanta zazzaɓi, Juma'a biyu ba ta nemi zugunta ba. A ta uku bayan azahar ta ji sauƙi ta ce in miƙo mata. Ina ɗaga adudun na ga wani baƙin layi a bango, siriri, ya taso daga ƙusar kusurwar taga ya gangaro daidai inda bayan adudun yake jingine. Ashe ruwan bai daina shigowa ba, hanya ya sake. Yana wanko makuba daga bango, ya kwanta cikin kwarmin ƙarfen, ya biyo ƙusa yana tsattsafowa a hankali.

Duk macen da ta taɓa yin daɓe ta san in ruwan makuba ya kwana a kan fartanya baƙi yake komawa. Ni ma na sani. Da idona na sha ganin mahaifinmu yana jiƙa bagaruwa da guntun ƙarfe in zai haɗa tawadar da ba ta wankuwa. Tawada yayana ya haɗa a bangon uwarsa, mu duka muna kallo, ba wanda ya tuna.

Na buɗe adudun. Gefe guda na naɗin ya sha baƙi har tsakiya. Da na fara warwarewa sai na ga abin da ya fi muni: tunda a naɗe yake, tabon ya ratsa kowane zagaye. Taki ɗaya fari, sai baƙi, taki ɗaya fari, sai baƙi, tun daga farko har ƙarshe. Ko kamu ɗaya mai tsabta ba za a yanka ba.

Inna ta ce, "Kin yi shiru. Gara ce?"

Na ce, "A'a, sanyi ne ya kama shi, bari in shanya." Ƙaryar farko ke nan da na yi mata tun da na yi wayo, kuma shi ya ja mini.

Na same shi a zaure yana yayyafa wa goro ruwa. Na jefa masa zugun a cinya. Ban san abin da na faɗa duka ba, amma na san maƙwabta sun ji. Na ce masa garin neman gira ya rasa ido. Na ce an gaya masa, magini ya gaya masa, maƙeri ya gaya masa, uwar da ta haife shi ta aiko masa, amma shi da ya ga teku ya fi kowa sani. Ya daɗe yana juya zugun. Da ya yi shiru har ƙarshe, da wataƙila na huce. Sai ya ce, "Ki kwantar da hankalinki, in ayari ya tashi zan sayo mata alawayyo a Kano, wanda ya fi wannan laushi."

Wanda ya fi wannan laushi! Shekarun da tsohuwa ta yi tana murza mazari har yatsunta suka kanƙare, shi a wurinsa abin da ake sayowa ne a kasuwa. Na fizge zugun na fita, don in na tsaya zan faɗi abin da ba a faɗa wa na gaba.

Na wanke shi da tsamiya, na wanke da lemun tsami, na jiƙa da toka. Baƙin ya koma ruwan tsatsa, ya tsaya nan. Sai na ɗauki mazarin Inna na shiga kaɗi a ɗakina ba ta sani ba. In ta nemi zugu in ce bai gama bushewa ba, in ce na kai a buga. Na kaɗa har kaka, masaƙi ya saƙa, na naɗe shi daidai yadda nata yake na sa a adudu.

Ranar Juma'a na ɗora mata a cinya. Ta shafa sau ɗaya, ta kama bakin zaren ta murza tsakanin yatsu biyu, sai ta ture shi.

"Wannan kaɗin mai fushi ne, ya cika murɗi. Ba nawa ba ne. Ina nawa?"

Na durƙusa na gaya mata komai, ina kuka ina zagin taga. Ta sa na kawo nata. Ta bi shi da tafin hannu, ta tsaya a inda tsamiya ta cinye laushinsa, ta daɗe a wurin. Na ga hawaye ya biyo idon nan da ba ya gani. Ina jira ta ce a kira Yaya. Sai ta ce, "A nawa za a sa ni, ko yaya yake. Kuma kada ki faɗa wa wancan na sani. Da alheri ya nufa."

Wallahi wannan maganar ta fi tabon ƙona mini rai. Ya ɓata mata abu ɗaya da take da shi, ita kuma damuwarta kada ransa ya ɓaci. Na riƙe mata alkawari, ban faɗa masa ba. Shi kuma ya ji an ce na yi sabon zugu, ya ɗauka magana ta wuce. Ya sa aka ƙara wa ƙarfen man kaɗe, ya ci gaba da nuna wa baƙi tagarsa.

Bayan an gama sussukar dawa Inna ta rasu, da hantsi, hasken tagar nan yana kan ƙafarta. Muka yanka zugunta muka ɗinka. Gwaggonmu, ƙanwar mahaifinmu, ita ta yi mata wanka ina zuba ruwa. Da muka zo suturta ta, Gwaggo ta juya ƙyallen ta ce, "Mu sa tabon daga ciki, 'yar nan, kada maza su gani."

Na ce a'a. Na karɓa na juya shi waje. Gwaggo ta dube ni, na dube ta, ta sauke kai. Na san in an kai ta kushewa aka yaye tabarmar makara, ɗan fari ne zai shiga ya karɓe ta. Ina so ya karɓe ta da hannu biyu, ya ga aikinsa tun daga kanta har ƙafarta.

Ya gani. Da suka dawo bai zauna karɓar gaisuwa ba. Ya wuce mutane a zaure ya ɗauki gatari, ya ɓamɓare allon da kwarmin da ƙarfen, ya kwaɓa laka da hannunsa ya toshe ramin, da ƙasar kabari a gwiwar wandonsa. Bai ce mini komai ba, ran nan ko bayan nan. Bai ƙara ambaton Ikko ba har ya mutu.

Na zaci in ya gani zan huce. Ban huce ba, sai ma fushin ya rabu biyu, rabi nasa rabi nawa. Ita ta rufa masa asiri har numfashinta na ƙarshe, ni kuwa da gawarta na tona shi, kuma haka na aika ta gaban jama'a da tabo a waje.

Zugun da na kaɗa yana nan cikin adudun, fari tas, nesa da kowane bango. Na gaya wa jikokina a shi za a sa ni. Wata Juma'ar nakan ɗauko in murza bakin zaren, in ji murɗin da Inna ta ji.