Murfin da Baba bai gani ba

Ina ƙoƙarin ɓalle murfin kofin gahawar da na saya a tashar Kawo, sai mai sayarwar ya tsayar da ni.

"Hajiya, bar shi a rufe. Ta 'yar hudar nan ake kurɓa. Ko hannunki na rawa, ba zai zube miki ba."

Na bar kofin a rufe, na shiga mota.

Babanmu, Allah ya jiƙansa, ya yi fama da rawar hannu a ƙarshen rayuwarsa. Kullum a teburin mai shayi yake karyawa da abokansa, amma tun ranar da shayi ya zube masa a farar riga a gabansu, bai sake zuwa ba. A ɗaki yake sha, ya ce wai hayaniya ce ba ya so.

Ashe da ya sami 'yar robar murfin nan kawai, da ya koma bencinsa a wurin mai shayi.

Har motarmu ta wuce Rigachikun ban kurɓa ba. Har yau murfin yana jakata, ban san wa zan kai wa ba.

Ku fa, wane ƙaramin abu kuka samu bayan mai buƙatarsa ya tafi?