Kofi Mai Ɓallin Baki

Shekarar da zan shiga babbar sakandare na ƙwallafa rai a kan ajin kimiyya. Baba kuwa ya riga ya yanke cewa Yaya ne mai kan kimiyya a gidanmu, ni surutu kawai na iya. Da na dame shi da naci, sai ya ce ranar Juma'a bayan an sauko masallaci in zo falo in nuna masa abu ɗaya da na fahimta.

Abin da zan nuna ina da shi. Ka cika kofin gilashi da ruwa, ka rufe bakinsa da kati, ka kife shi, ka janye hannu. Ruwan ba zai zuba ba. Iskar da muke yawo a cikinta tana da nauyi, tana danna komai ta kowane ɓangare, har daga ƙasa zuwa sama, ita ce ke tokare katin. Sharaɗin kawai kada ta samu kafar shiga cikin kofin.

Ni da Yaya muka yi ta gwadawa a bayan kicin, gindin mangwaro, da tsofaffin katunan ɗaurin auren da ake aiko wa Baba. Tare muka gano cewa akwai kofi ɗaya a gidan da ba ya yi, wanda bakinsa ya ɗan ɓalle. Har dariya muka sha ranar da ya jiƙa masa wando.

Ranar Juma'a na shiga falo. Baba na zaune da farar babbar riga, ga wani abokinsa daga Giginyu.

"Ki natsu, ƙanwata, ni zan kawo miki ruwan," in ji Yaya.

Wallahi har cikin raina na ji daɗi. Ya miƙo kofin cike, na ɗora kati ban ko duba ba. Don Baba ya gani da kyau, sai na matsa dab da shi. Na kife, na janye hannu.

Ruwan ya juye kan rigar Baba gaba ɗaya. Ina sunkuyar da kai idona ya faɗa kan ɓallin bakin kofin. Na ɗago na dubi Yaya, shi kuma yana kallon silin.

"To, Malama mai iska, an gode," in ji Baba yana kakkaɓe riga. Magana ta ƙare a nan. Ajin adabi na shiga.

Ba jiƙa rigar ce ta ƙona min rai ba. Kofuna cike da kabad, mutumin da muka gano wannan tare ya tsallake duka ya ɗauko shi. Da na tsare shi a tsakar gida, cewa ya yi wasa yake, kuma wai ban iya ɗaukar wasa ba.

Yanzu duk mun yi furfura. Ina zuwa gidansa a Badawa, muna gaisawa lafiya lau. Amma duk sanda ya miƙo min ruwa, sai na shafa bakin kofin da babban yatsana kafin in sha. Yana gani, bai taɓa tambayata dalili ba.