Mai Buɗe Kunnen Kurame Ya Tafi

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba da ta wuce, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana, wanda duk layin masu gyaran lantarki suka sani da Mai Kurame.

Yaya, kai ka sa wa ƙananan ƙwaƙwalen lantarkin nan da ake kira cif suna kurame. Ka ce yadda suke zuwa daga kamfani ba sa jin kwamfuta, sai ka ɗora musu shirin farko, wato butloda, sannan kunnensu ya buɗe. Naka kuwa da alama: in cif ya farka, fitilarsa za ta ƙifta sau biyu a hankali, sau ɗaya da sauri. Ɗalibai da masu ƙere-ƙeren sha'awa nawa ka zaunar a kan bencinka, kana tsokanarsu, "Kai da cif ɗin nan ban san wa ya fi wani kurumta ba!" Ko wanda ya ƙona nasa da gangancin wuta, ba ka taɓa barinsa ya koma hannu rabbana ba, kuma shi ya sa suka sa maka Mai Kurame.

Alkawari ɗaya ka bari. Wata malamar kimiyya tana jiran ka buɗe wa cif ɗin ɗalibanta kunne, kuma har a gadon asibiti zancen da kake ta yi ke nan.

Bayan an share makoki na buɗe shago da rana tsaka. Warin dalma na nan, tabaranka na kan tebur. Ƙunshin sababbin cif ya iso bayan rasuwarka, ni na yage ledarsa da hannuna. Na sa na farko a allon gwaji, ban ko taɓa kwamfuta ba, sai fitila ta ƙifta: biyu a hankali, ɗaya da sauri. Na sa na biyu, haka. Na uku, haka. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Maƙwabcinmu mai gyaran rediyo ya ce wataƙila kamfani ne ya ɗora, amma da ya ga ƙiftawar sai ya yi salati ya fice.

Da na gaya wa matarka, ba ta razana ba, kuka ta yi. Ta ce, "Har yanzu bai kwanta ba ke nan. Don Allah ka ce masa ya huta."

To, Yaya, na kai wa malama saƙonta, alkawarinka ya cika. Wani ƙunshin na hanya, kuma ina roƙonka ka bar mini shi. Na iya, a gefenka na koya. Tsoro nake ji, kewarka kuma ta fi tsoron yawa, amma hutunka ya fi mana komai.

Allah Ya jiƙanka da rahama, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka. Ya ba Inna, da matarka, da 'ya'yanka haƙurin wannan rashi. Ya sa barcinka ya yi nauyi, har ranar da za a tashe mu gaba ɗaya. Amin.