Malam Attahiru da Waƙar Guga

Duk wanda ya yi sakandare a Tambuwal wajen 1978 ya san Malam Attahiru, malamin kimiyya, dogon nan mai alli har a gira. Lokacin kuɗin mai sun shigo, abokansa duk sun kwashe zuwa Sakkwato neman ofis da mota. Shi kuwa ya zauna da kekensa da ɗakin gwajinsa, wanda ba komai ciki sai ma'auni biyu da tsagaggen madubi.

Ɗan gidan malamai ne daga Jabo. A gidansu ba a barin ilimi a zube, sai an ɗaure shi da waƙa: farillan alwala waƙa, rabon gado waƙa, lissafin taurarin damina ma waƙa. Mahaifinsa, Malam Maccido, bai hana shi boko ba, amma shekara tara bai taɓa tambayarsa me yake koyarwa ba. Abin yana ci wa Attahiru rai ƙwarai. So yake tsohon ya ɗauki aikinsa a matsayin ilimi, ko sau ɗaya.

Sai ya yi abin da ya gada. Ya tsara darasin faɗuwar abubuwa a baiti arba'in, ya mai da shi wasan da ba a magana cikinsa sai rerawa. 'Yan wasa uku ne cikin ɗalibansa: mai jan ruwa, Guga, da Ƙasa. Ya roƙi Ɗangiwa mai kukuma ya riƙe musu amo. Sai da aka kai ruwa rana, don Ɗangiwa ya ce shi tun da yake bai taɓa yi wa guga kiɗa ba.

Ranar rabon kyaututtuka aka yi wasan, bayan la'asar. Attahiru ya aika babur Jabo a ɗauko mahaifinsa, bai dai sa rai ba. Sai ga tsohon ya sauko, ya zauna a sahun gaba, ko murmushi babu.

Mai jan ruwa ya rera cewa igiya ta tsinke, me ya kai guga ƙasan rijiya? Guga ya amsa ba shi ya so ba, jawo shi aka yi. Ƙasa ta ce ita ce, kuma yadda ta ja shi haka take jan wata da ke sama, dutse da tsakuwa in an sake su tare suke iso mata. Sai mai jan ruwa ya tambaya, to ke wa ya sa ki? A nan Attahiru bai rubuta amsa ba. Ɗangiwa ya ɗauke hannu, wuri ya yi tsit, wasa ya ƙare. Hedimasta har ya zaci baiti aka manta.

Da jama'a suka fara watsewa, Malam Maccido ya kira ɗansa. Attahiru ya durƙusa.

"Attahiru, mi ya hana ka ba da amsar tambayar ƙarshe? Ka dai san ta."

"Na san ta, Baba. Amma ma'aunina nan ya tsaya. Abin da ban auna ba, ba ni faɗi nai da sunan kimiyya."

Tsohon ya dube shi. Attahiru ya ga abin da bai taɓa gani ba a fuskar nan, alfahari ƙarara, har idon tsohon ya ciko.

"Rubuto baitocin ga da ajami," in ji Malam Maccido. "Ran Alhamis ka taho Jabo ka karantar da su zaure. Ni ma cikin masu ɗaukar karatu za ni zama, akwai abin da nika son in tambaye ka game da watan nan da Ƙasa ka ja."