Hannun Daman Kawu Sale

Duk wanda ya san Kawu Sale a ƙarshen rayuwarsa ya san ba a gaisawa da shi a tafi haka nan. Kana cikin "Ina kwana, Kawu?" za ka ji ya cire maka hula, ya ɗora taƙi a kanka yana aunawa.

"Tsaya, kar ka motsa! Kai, wannan kai naka zai ci zare."

Bai bar babba ba, bai bar yaro ba. Har Liman sai da ya auna, a ƙofar masallaci, mutane na kallo.

Ni 'yar ƙanwarsa ce, a gidansa na tashi a nan Rano, kuma ni na jawo wa gari wannan fitina. Kun san asalinsa direba ne, ya tsufa yana jigila tsakanin Rano da Kano, ga faɗa ga tsiya. Rana ɗaya hawan jini ya kayar da shi, ɓarin dama ya shanye. Ƙafa ta dawo da sannu, hannun kuwa ya ƙi. A asibiti suka ba shi wata 'yar ƙwallon roba, wai ya riƙa matsawa. Yana dawowa gida ya cilla wa yara.

"Ni da na riƙe sitiyarin babbar mota, yau ni za a ba wa ƙwallo? Sun ga na yi kama da ɗan yaye?"

Muka yi dariya, amma abin ba na dariya ba ne. Kawu mutum ne na ciyayya. Tun ina yarinya, da an idar da magariba shi da abokansa kowa zai fito da kwanon tuwonsa ƙofar gida, a haɗa a ci tare. Da hannun ya mutu sai ya daina fita. Ya ce shi ba zai sa hagu a kwanon mutane ba, kuma ba a haifi wanda zai ba shi a baki ba. Matarsa, Inna Ladi, za ta kai masa abinci ɗaki ya turo ƙofa. Amininsa Malam Hudu ya yi sallama har ya gaji. Kawu ya rame, ya daina faɗa, kuma wallahi rashin faɗan ne ya fi tsorata mu.

A lokacin na zo gida wankan jego. Ina zaune a tsakar gida ina saƙa wa jaririna hula da kwarashi, sai na ji murya daga bakin ƙofar ɗaki.

"Ke 'yar nan, haka ake shan kwana? Ai sai ki zubar da fasinja."

Na ce, "Kawu, in ka iya ga shi."

Inna Ladi ta harare ni. Shi kuwa ya matso ya ce, "Kawo."

Yatsun ba sa riƙo, sai da na ɗaure masa kwarashin a hannu da tsumma. Ya yi gumi, ya zagi zaren, ya zagi wanda ya ƙera kwarashin, ni ma na samu rabona. Inna Ladi ta shiga madafa tana share ido, ta ce, "Alhamdulillahi, Malam ya fara zagi."

Hular farko da ya gama, Allah ya sani ba hula ba ce. Muka gwada wa jariri ta sauko har haɓa. Inna Ladi ta ce a ba ta ta yi gammo. Kawu ya ce ai ba ta yaron ba ce, ta tulu ce, mu ne ba mu tambaya ba. Ya je ya kifa wa tulu, ta kuwa zauna daram.

Daga nan aka shiga uku. Buta ta samu riga, rediyo ya samu riga, fitila ma ba ta tsira ba. Ga shi Kawu ba ya sayen zare, wai ɓarna ce alhali gari cike yake da tsofaffin rigunan sanyi. Wani ɗan acaɓa daga Rurum ya kawo mana saƙo, ya tuɓe suwaitarsa a soro ya shiga masallaci. Kafin a sallame, Kawu ya warware hannu guda.

"Baba! Ina hannun rigata?"

"Dama ya fara zarewa, taimakonka na yi. Ka dawo ran kasuwa."

Ran kasuwa ya dawo, Kawu ya kafa masa hula ja a ka. "Ga hannun rigarka nan, na yi masa ƙarin girma."

Masu tsiya kuwa ba su ƙyale shi ba. Wani ya leƙo soro ya ce, "Haba Sale, saƙar kwarashi ai aikin mata ne." Ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce, "Tuƙin tuwo ma aikin mata ne, ban ga ka daina ci ba." Hular Liman kuwa da aka gama sai ta ƙi shiga. Kawu ya rantse awonsa daidai ne. "Kanka ne ya ƙaru, Allah gafarta Malam. Ka rage karatu."

Muna ta wannan sha'ani ban lura da ranar da aka daina ɗaura tsumma ba. Ni dai na ga kwarashi na tafiya a hannunsa, a karkace, amma yana tafiya. Na ce, "Kawu, hannu fa ya samu." Ya ce in rufe masa baki, mota ba ta gama gwaji ba.

Wata magariba sai ya ce, "Ladi, a kai min kwanona waje."

Muka bi shi a baya muka laɓe a soro, ni da Inna Ladi, tana riƙe da zanina kamar za ta yaga. Abokansa suka matsa masa wuri. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya yanko loma da dama. Hannun na rawa, na rawa, kafin ta kai baki ta faɗi a cinyarsa. Duk suka zuba masa ido. Na ce a raina shi ke nan, yanzu zai tashi ya koma ɗaki, ba kuma zai sake fitowa ba.

Sai ya dube su ya ce, "To, kallon me kuke? Ba ku taɓa ganin mota ta mutu a kan hawa ba?"

Ya sake yankowa. Wannan karon ta isa. Malam Hudu ya juya kai yana goge ido da hular da Kawu ya saƙa masa, wai miyar ce ta yi yaji. Kawu ya ce, "Miyar kuka ce, Hudu, ni ma ita nake sha."

Daga ranar bai ƙara cin abinci a ɗaki ba, har ciwon ya dawo masa a daminar bara ya tafi da shi. Ina kewarsa ƙwarai. Kwarashin yana wurina, tulun Inna Ladi kuma har yau da hularsa.

Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya yafe masa zagin zare da hannun rigar mutane. Ya sha wahala kafin hannun nan ya dawo masa. Ya Allah, ranar da za a miƙa wa kowa littafinsa, ka ba shi nasa a wannan hannun.